Wasan kurket na Kofin Duniya a yini ɗaya ake gama shi

A wani gidan kallo da ke Unguwar Rogo a Jos, mai gidan ya sauya tasha sai ga kurket, wasan da ɓangare ɗaya ke jefa ƙwallo, ɗayan yana bugunta da sanda don tara maki. Nan take wani dattijo ya ce, "Ɗan nan, canza mana! Wannan ai sai a yi kwana biyar ba a tashi ba." Maganar ta daɗe a bakin mutanenmu, kuma tana damuna, domin ita ke hana da yawa ko leƙa wasan.

Akwai nau'in kurket mai kai kwana biyar, shi ake kira Tes. Amma Kofin Duniya na maza, wanda aka fara a Ingila a 1975, kowane wasa a yini ɗaya ake yin sa, kimanin awa takwas. Kowace ƙungiya tana da zagaye 50, kowane zagaye jifa shida, wato jifa 300. Idan suka ƙare, ko aka fitar da 'yan wasanta goma, sai ɗaya ɓangaren ya karɓi sanda ya yi ƙoƙarin wuce makin da na farko ya tara. A gasa uku na farko zagaye 60 ne, a 1987 aka rage.

Wannan ƙayyadewar ce ke sa zuciya ta riƙa dukan uku-uku. Dubi wasan ƙarshe na 2019 a Landan: Ingila da Niyu Zilan kowa maki 241, aka ƙara zagaye ɗaya, suka sake yin canjaras. Da yawan ƙwallayen da suka kai iyakar fili Ingila ta ɗauki kofin, karon farko a tarihinta.