Dokar madadi: idan kwamfutar jirgi ta ja da baya

Tun daga A320 da ya fara ɗaukar fasinja a 1988, sandar tuƙin jiragen Airbus ba ta haɗe da fukafukai da igiyar ƙarfe. Saƙo take aika wa kwamfuta, ita kuma ta motsa fiffike da wutsiya. Ƙa'idojin da kwamfutar ke bi wajen aiwatar da saƙon su ake kira doka, kuma hawa-hawa ne.

In komai lafiya lau, jirgi yana kan dokar yau da kullum. A nan kwamfuta tana da ta cewa. Ba ta barin jirgi ya karkata fiye da digiri 67, ba ta barin a ɗaga hancinsa har iska ta daina ɗaukar fukafukan, ko da matuƙi ya ja sandar iya ƙarfinsa.

Da zarar na'urorin auna gudu sun saɓa wa juna, ko wasu kwamfutocin sun mutu, sai a faɗa dokar madadi. Kwamfuta ba ta yarda da abin da ake gaya mata ba, don haka ta janye yawancin kariyar, sai gargaɗi ya rage. Ƙasa da wannan akwai dokar kai tsaye, inda iya motsin hannu iya motsin fiffike. Can ƙarshe kuma, in lantarki ya ɗauke, saura fedar ƙafa mai juya wutsiya da wilin daidaita ta, a lallaɓa kafin wuta ta dawo.

A ganina dokar madadi ce mai haɗari, domin wajen ɗaga hanci da sauke shi sandar tana amsawa kusan kamar da, alhali mai taka wa matuƙi birki ya tafi. Haka ta faru da jirgin Air France mai lamba 447, ƙirar A330, daga Riyo ta Brazil zuwa Faris ranar 1 ga Yuni 2009. Ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu, otofailot, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, ya saki, jirgi ya koma dokar madadi. Mataimakin matuƙi ya yi ta jan sanda baya, jirgi ya haura wajen ƙafa 38,000, iska ta sake shi, ya rikito cikin Tekun Atilantika da mutum 228. Injinansa kuwa ƙalau suke har ƙarshe.

Rahoton hukumar binciken Faransa na 2012 ya nemi a ƙara horar da matuƙa tuƙi da hannu a can ƙololuwar sama, da yadda ake ceto jirgin da iska ta saki: a sunkuyar da hanci tukuna.