Wai Farar Hula Ba Shi da Ta Cewa a Harkar Soja?

An daɗe ana cewa wanda bai taɓa riƙe bindiga ba, ba shi da hurumin ba janar umarni. Maganar tana da daɗin ji, amma kuskure ce babba.

Aikin soja shi ne sanin yadda za a yi yaƙi: inda za a girke dakaru, da hanyar kai musu abinci da harsashi. Amma ko za a shiga yaƙin, da wa, da kuɗin da za a kashe, da ranar tsayawa, wannan hukuncin zaɓaɓɓun shugabanni ne, domin 'ya'yan talakawa ne ke mutuwa, harajinsu kuma ke sayen tankar yaƙi.

A lokacin yaƙin Koriya, Janar MacArthur, babban kwamandan sojojin Amurka a yaƙin, ya dage sai an faɗaɗa faɗan zuwa cikin Sin, har yana sukar manufar gwamnatinsa a fili. Shugaban Amurka Truman ya tsige shi ranar 11 ga Afrilu, 1951, duk da farin jinin janar ɗin a Amurka. Mutane sun fusata ƙwarai, amma janar ɗin ya miƙa ragama ya koma gida, kuma manyan hafsoshin ƙasar sun goyi bayan shugaban.