An Sayo Mana Firij, Jinin Wa Za a Saka a Ciki?

Jama'a, maganar jini ce ta kawo ni yau, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Na gaji da ganin mutanen da ake iya cetowa suna cikawa a kan gadon asibiti saboda rashin leda ɗaya ko biyu ta jini, alhali ga danginsu nan cike da baranda, ƙarti majiya ƙarfi, kowa ya sunkuyar da kai yana latsa waya.

Kafin in yi faɗa bari in yi godiya, don akwai masu haƙƙinta. Ƙungiyar sa kai da ke tallafa wa asibitinmu ta yi mana abin da baki ba zai iya faɗa ba. 'Yan kasuwa ne da malaman makaranta da direbobi da tsofaffin ma'aikata da matan aure, suna haɗa kuɗi daga aljihunsu, babu mai biyansu ko sisi. Su suka gyara mana famfo, suka shafe ɗakin yara da fenti, suka kawo gadaje da katifu da kekunan tura marasa lafiya. Sukan zo da tsintsiya da shebur su share harabar asibiti da hannunsu. Mara galihun da aka rubuta wa magani ya rasa kuɗin saye, sau da yawa su ne ke rufa masa asiri. Haka irin waɗannan ƙungiyoyi suke ko'ina a duniya. Rotary da aka kafa a Chicago ta Amurka a 1905 tana cikin yaƙi da shan inna tun 1985, Lions kuma da ta biyo baya a 1917 ta yi suna wajen yaƙi da makanta. Tamu ƙarama ce, amma zuciyar iri ɗaya ce. Allah ya saka musu da alheri, ya ƙara buɗi.

Babban abin da suka yi mana shi ne firij na ajiye jini, haɗe da farantan sola don kada ɗaukewar wuta ta lalata abin da ke ciki. Firij ne na musamman mai riƙe sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 6, dare da rana. Sun daɗe suna tara kuɗinsa. To ku zo ku buɗe shi ku gani. Yawancin kwanaki leda biyu ce ko uku a kwance a kanta ta sama, sauran kantocin fayau, sai sanyi da ƙarar inji. Kuɗi ya sayi firij, ya sayi gado, ya sayi fenti. Jini kuwa har yau babu masana'antar da ke yin sa a duk faɗin duniya, daga jikin mutum kawai yake fitowa.

Ga abin da ke ci min rai. Ranar da ƙungiyar nan ta shirya duba ido kyauta da rabon tabarau, layi har titi. Ranar gwajin hawan jini da suga, tun da sassafe an cika, har ana tura juna. Madalla, haka ake so. Amma ranar da suka ce a zo a ba da jini fa? An kafa rumfa, an jera kujeru, an shimfiɗa gadaje, nas-nas sun zauna da ledoji a gabansu suna kallon ƙofa. Sai 'yan ƙungiyar da kansu, fuskokin nan dai da muka saba gani, da ɗalibai 'yan kaɗan. Ina sauran? Ina waɗanda suka cika wurin nan ranar tabarau? In za a karɓa kowa ya san hanya, in za a bayar kowa yana da uzuri. Haba jama'a!

Sai ran da naka ya kwanta, sannan ka zo kana ihu a ɗakin gwaji wai asibiti babu jini. Wa ya kawo da za ka tarar?

Bari in gaya muku abin da mu ma'aikatan asibiti muke gani. Mace ta haihu lafiya, jariri na kuka, ana barka. Can sai ungozoma ta ga zani ya jiƙe, ta canja, wani ya jiƙe. Leɓen mai jego ya yi fari, hannunta ya yi sanyi, ta fara cewa tana jin ƙishi, tana ganin duhu. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya, kuma yana iya gamawa da mace lafiyayya cikin awa biyu in ba a yi wani abu ba. Awa biyu! A cikin wannan lokaci ne maigida zai fita neman mai ba da jini, ya buga wa wannan waya a kashe, wancan ya ce yana hanya. In an dace an samu mutum, sai an duba ko yana da isasshen jini, a duba rukuninsa, a gwada shi ƙanjamau da ciwon hanta iri biyu da tunjere, a ɗiba, a haɗa da na mara lafiya a ga ko sun dace. Babu ɗaya da za mu tsallake a cikin waɗannan, ko za ka durƙusa mana. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Da jinin yana cikin firij, an riga an gwada shi, da aikin ya ragu ƙwarai, kuma wannan ɗan lokacin da aka rage shi ne ran matar.

Yara ma haka. A kawo yaro zazzaɓin cizon sauro ya cinye masa jini, ka buɗe tafin hannunsa ka gan shi fari fat, ka ja fatar idonsa babu ɗigon ja, yana numfashi sama-sama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, har zuwa kashi 54 cikin ɗari na ƙarin jinin da ake yi, yara 'yan ƙasa da shekara biyar ake yi wa. Ga masu sikila, ga waɗanda suka yi haɗarin mota, ga masu jiran tiyata.

Kuma ku daina cewa "ai in ta taso ni zan ba matata." Wa ya ce maka naka zai yi mata? Jini rukuni-rukuni ne, A da B da AB da O, kamar yadda wani likita ɗan ƙasar Ostiriya, Karl Landsteiner, ya fara ganowa a 1901, shi ya sa ma ake bikin ranar masu ba da jini ta duniya a ranar haihuwarsa, 14 ga Yuni. Uwa ɗaya uba ɗaya ma sai ka ga rukuninsu ya bambanta. Ko da ya dace, likitoci ba su cika son a sa wa mace mai sauran haihuwa jinin mijinta ba, saboda yakan iya jawo matsala ga cikin da za ta ɗauka nan gaba. Ka bayar a ajiye. Naka ya ceci matar wani, na wani ya ceci taka.

Na san uzurorin, na haddace su. "Jinina ba shi da yawa." Kai ka auna? Zo mu auna, ɗigo ɗaya ne daga yatsa, in bai kai ba wallahi ba za mu ɗiba ba, mu ma ba ma son ƙarin mara lafiya. Babban mutum yana ɗauke da kusan lita 5 a jikinsa, abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, mililita 450 ne. Ruwan jinin yana dawowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni.

"Zai rage min ƙarfi." Na san ƙarfin da ake nufi, kuma babu wannan magana. Cikin 'yan ƙungiyar nan akwai magidanta da suka yi shekaru suna bayarwa, suna aikinsu, iyalinsu na ƙaruwa. "Tsoron allura nake." Ɗan'uwana, zafin daƙiƙa ɗaya ne, kuma allurar sabuwa ce, a gabanka za a ɓare ta, daga kanka sai kwandon shara.

Akwai masu cewa sayar da shi za a yi. Wannan ba zan yi masa faɗa ba, don tambaya ce mai kyau. Ledar da ake zuba jinin saye ake yi, kayan gwajin cututtukan nan saye ake yi, shi ya sa a wurare da yawa akan karɓi kuɗin aikin gwaji. Ka nemi rasit. In wani ya ja ka gefe ya nemi kuɗi a hannu, ka kai ƙara wurin hukumar asibiti, ka sanar da shugabannin ƙungiyar, suna da bakin magana. Amma kar ka hukunta mai naƙudar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba saboda zargin da kake yi wa wani.

Masu tsoron kada a gano musu wata cuta kuwa, ku ne na fi tausayawa. Ciwon hanta yakan yi shekaru a jiki shiru, sai ya gama ɓarna ya bayyana. In an gano da wuri akwai abin yi. Sakamakon kuma tsakaninka da ma'aikaci ne a ɗaki, ba a shelanta shi.

Yanzu ga inda ƙin bayarwar nan ke kai mu. Dangi sun ƙi miƙa hannu, sai a haɗa kuɗi a fita a ɗauko wanda ya mayar da sayar da jininsa sana'a. Ku ji tsoron Allah! Mutumin da ke jiran kuɗi ba zai gaya mana gaskiya ba in mun tambaye shi yaushe ya bayar na ƙarshe, ko yana da wata larura. Wani bai fi mako biyu da bayarwa a wani wuri ba, jininsa ya tsinke, ya cuci kansa ya cuci mara lafiyarku. Sannan akwai 'yan kwanakin farko bayan mutum ya kamu da cuta da gwaji ba ya iya ganin ta. A nan gaskiyar mai bayarwa ce kaɗai kariya. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta nace cewa jinin da ya fi aminci shi ne na mai bayarwa don kansa, a kai a kai, ba tare da biya ba. Kun guje wa allurar minti goma, kun sayo wa ɗiyarku abin da ba ku san asalinsa ba.

Ban ce duk haka kuke ba. Akwai saurayin da zai shigo da kayan aikinsa a jiki, ya kwanta ya bayar, ya sha ruwa ya koma bakin aiki, bai ma tambayi wa za a sa wa ba. Akwai matan da ke zuwa rukuni guda. Ina ganinku, ina kuma yi muku addu'a. Sai dai kun yi kaɗan, kuma jini ba ya daɗewa a ajiye, kwana 35 zuwa 42 ne ya tashi aiki. Gangamin shekara sau ɗaya ba zai riƙe mu ba. An ƙiyasta cewa in mutum ɗaya cikin ɗari yana bayarwa, ƙasa za ta iya biyan buƙatarta ta yau da kullum. Ɗaya cikin ɗari fa, shi ne ya gagare mu.

Ga abin yi a taƙaice:

- In shekarunka 18 zuwa 65, nauyinka ya kai kilo 50, kana lafiya, ka zo.
- Ka ci abinci ka sha ruwa sosai kafin ka zo.
- Ka faɗi gaskiya a duk tambayar da aka yi maka, har maganin da kake sha.
- Mai ciki da mai shayarwa da mai zazzaɓi su dakata tukuna.
- Bayan an ɗiba ka huta minti 15, ranar ban da ɗaukar kaya mai nauyi.
- Namiji ya dawo bayan wata uku, mace bayan wata huɗu.

Magidanta masu mata da ciki, da ku nake musamman. Tun a awon farko ku san rukunin jininta. Kafin watan haihuwa ya kama, kai da 'yan'uwanka biyu ku zo ku bayar a ajiye. In an haihu lafiya ba a buƙata ba, alhamdu lillahi, wata ta samu.

Ƙungiyar ta buɗe rajistar masu bayarwa, suna da rukunin jini da lambar waya, don a san wanda za a kira in ta ɓaci, musamman masu rukunin da ke wahalar samu irin O nagatif. Ku je ku rubuta sunanku, kuma ran da suka sake kafa rumfa ina so in ga layi irin na ranar tabarau. Wanda ya ba da lambarsa kuma, don Allah in an kira shi cikin dare ya ɗauka, ba ma kiran mutum a wannan lokaci sai in babu yadda za mu yi.