Mother India: amsar tambayoyin da kuke ta maimaita min

Wace shekara fim ɗin ya fito?

1957, Mehboob Khan ne darakta. Na faɗa ya fi a ƙirga, don Allah a riƙa dubawa kafin a sake tambaya.

Wai da gaske Nargis, jarumar da ta fito a matsayin Radha, Musulma ce?

Eh, Fatima Rashid ne sunanta na yanka. Mehboob ma Musulmi ne, haka Naushad da ya yi kiɗan, da Shakeel Badayuni da ya rubuta waƙoƙin.

To me ya sa ba a ga Musulmi a labarin ba?

Nan ne abin ke ci min rai gaskiya. Radha, Shamu, Ramu, Birju, duk sunayen Hindu ne, ga shi an ce Radha ita ce uwar Indiya gaba ɗaya. A ganina lokacin ne ya jawo, shekara 10 kacal da raba Indiya da Pakistan a 1947, ciwon bai warke ba. Musulmi suna bayan kyamara amma ba su da gida a ƙauyen, kuma maganar wariyar asali ta gado da ke damun talakan Indiya ma fim ɗin ya ratse ta, ya tsaya kan mai kuɗi da manomi kawai.

Ba ɗanta Nargis ta aura ba?

Haba jama'a. Sunil Dutt ɗanta ne a fim kawai, sun yi aure a 1958. Shi ke nan.

Ina da 'yan mata biyu, ya dace mu kalla tare?

Kwantar da hankalinki 'yar'uwa, ba fim ɗin batsa ba ne, iyayenmu ma sun kalle shi a sinimomin Kano. Amma ya danganta da shekarunsu da kuma ko za ki zauna da su, don kusan awa uku ne kuma akwai wuraren da ke da nauyi, dutse ya danne hannayen Shamu, mijin Radha, ya rasa su duka biyu, ya gudu ya bar ta da yara, ga ambaliya ga yunwa. In sun kai sha biyu zuwa sama ni dai zan ce a kalla, don da wuya su ga wani fim da ya nuna talaka kurkusa haka: rupi 500 aka ranto na biki, Sukhilala mai ba da bashi da ruwa ya riƙa kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gona, har shanun huɗa suka tafi, Radha ta ɗora garma a kafaɗa ta ja da kanta. Sai dai ki kula, kar su tashi da cewa mace ta gari ita ce wadda ke shanye komai ta yi shiru. Ki tsayar da shi ki tambaye su wa ya cuci wa, kuma me ya sa dattawan ƙauye suka bar takardar bashi a hannun mutum ɗaya alhali waɗanda ake bi ba su iya karatu ba. Ƙarshen kuma, inda Radha ta harbe ɗanta Birju don ya sace 'yar Sukhilala, ga warwaron mahaifiyarsa da ya ƙwato a hannunsa, wannan ban sani ba ko ƙaramar za ta iya ɗauka, ke kika san 'yarki.

Ya ci Oscar?

A'a. Ya shiga takara a 1958, fim ɗin Italiya ne ya ɗauka.