Tambayoyin 'yan SS1 a kan Bayoloji, daga ƙwayar halitta zuwa kwanon tuwo

Tun da muka fara lesin ɗin hutu yaran nan ke ta jefo min tambayoyi, wasu a aji wasu ta WhatsApp har goman dare, shi ne na ce bari in tattara waɗanda aka fi maimaitawa in amsa gaba ɗaya in huta.

Malam, wai mene ne hanyar binciken kimiyya da ake sa mu haddace matakanta?

Ku ajiye haddar tukuna ku ji labari. A 1747 wani likitan jirgin ruwan yaƙin Birtaniya mai suna James Lind ya ga wata cuta na cin matuƙa, dadashi ya kumbura yana jini, haƙora na girgiɗi, mutum ya kasa tashi. Sai ya ɗebi marasa lafiya 12 ya raba su biyu-biyu, ɗaki ɗaya, abinci iri ɗaya, abin da kawai ya bambanta shi ne ƙarin da ake ba kowane rukuni, wasu ruwan teku, wasu ruwan kal, wasu kuma lemon zaƙi da lemon tsami. Cikin kwana shida ɗaya daga masu shan lemo ya koma bakin aiki. To ga matakan nan duka, ya lura, ya yi zato, ya gwada, ya duba sakamako. Sirrin shi ne abu ɗaya tak ake canzawa. In ka sa wa kunyar masara taki kuma ka fi ba ta ruwa, ta yi kyau, wa za ka gode wa, takin ko ruwan? Shi kansa Lind bai san bitamin C ba fa, wato sinadarin cikin lemon da ya warkar da su, sai wajen 1932 aka gano shi.

Wa ya fara ganin ƙwayar halitta?

Robert Hooke ne a Ingila, 1665. Ya yanko ɓawon wata bishiya siriri ya sa a madubin ƙara girma, ya ga wasu 'yan ramuka jere kamar saƙar zuma, ya kira su sel, wato 'yan ɗakuna. Amma matattun bangaye ya gani. Wanda ya ga masu rai suna iyo a ɗigon ruwa wani mai sayar da yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, Leeuwenhoek, kuma mutumin nan bai taɓa zuwa jami'a ba, shi yake goge gilasansa da hannunsa, har dattin haƙoransa sai da ya kankaro ya duba. Daga baya Jamusawa biyu, Schleiden a 1838 da Schwann a 1839, suka ce ai tsirrai da dabbobi duk da sel aka gina su.

Ya zan bambance sel ɗin tsiro da na dabba?

Na tsiro yana da bango mai tauri, da babbar jakar ruwa a tsakiya, na ganye kuma yana da koren sinadarin da ke haɗa abinci da hasken rana. Na dabba ba ya da bango, ba koren. Ku zo da albasa ranar furaktikal, za mu ɓare fatarta mu ɗiga aidin ku gani da idonku.

Kowane sel yana da nukiliyos?

A'a, kuma nan ake kama ɗalibai a jarabawa. Nukiliyos dai shi ne cibiyar sel mai riƙe da bayanan gado. Bakteriya ba su da shi. Jajayen ƙwayoyin jininka ma in sun ƙosa ba su da shi, sun yar da shi don himogulobin mai ɗaukar iskar oksijin ya samu wuri, shi ya sa ba sa rabuwa su hayayyafa, kwana 120 suke yi ɓargo ya aiko da sababbi. Na mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 sun mutu, ga shi suna lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, daga nan ciwon nan mai tsanani da yawan ƙarancin jini suke fitowa.

Malam, tunda tuwo na ƙosar da mutum, me ya sa ake cewa bai isa ba?

Ƙoshi daban, gina jiki daban ƙanwata. Tuwo sitaci ne, hanji ya narka shi ya koma sukari, jini ya kai wa sel, maitokondiriya, wato 'yar tashar samar da ƙarfi da ke cikin sel, ta ƙona shi da oksijin a samu ƙarfi. Mai ne na tafiya, amma ba shi ne bulon gini ba, bulo furotin ne. Wata likita, Cicely Williams, da ta yi aiki a Ankara ta Gana a shekarun 1930 ta lura da yaran da aka yaye aka bar su da kokon masara zalla, ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja, ita ta shigar da sunan kwashiyoko cikin likitanci daga yaren Ga, wai ciwon yaron da aka ture saboda an yi masa ƙane. Mu nan duk tamowa muke cewa. Sannan ga 'yan ƙananan da jiki ke so kaɗan amma dole, rashin bitamin A na kawo dundumi, manja da karas da zogale na tare shi, rashin aidin na kawo maƙoƙo shi ya sa ake zuba shi a gishiri.

To sai da nama kenan? Ai ya yi tsada.

Ba dole ba. Furotin ɗin hatsi yana da ƙarancin wani sinadari, laisin, wanda wake ke da shi sosai, shi ma wake yana da nasa giɓin da hatsi ke cikewa. Kenan garau-garau, ko koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa, haɗi ne mai kyau tun asali. A ƙara da awara ko ƙwai ɗaya in an samu, nono kuma in Fulani sun shigo gari.