Fulogin mota mai sufacaja

Fulogi shi ne ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a kan silinda domin ya ba da tartsatsin da ke kunna haɗin fetur da iska. Samfurinsa na zamani ya samo asali ne daga aikin Gottlob Honold, injiniyan kamfanin Robert Bosch na Jamus, a 1902. A motar yau da kullum zaɓensa ba ya buƙatar dogon tunani, abin da kamfani ya rubuta shi ake sawa. Lamarin yana canzawa idan aka ɗora wa inji sufacaja, wato famfon da bel ke juyawa daga karanshaf yana cusa iska cikin silinda fiye da yadda inji zai iya zuƙa da kansa. Ƙarin iska yana kiran ƙarin fetur, matsi da zafi su hauhawa, kuma bakin fulogi ne ke zaune a tsakiyar wutar.

A Saudiyya batun ya shafi motoci iri biyu. Akwai waɗanda suka fito da sufacaja tun daga kamfani, irin su Range Rover mai injin lita 5.0 da Dodge Challenger Hellcat ta 2015, mai lita 6.2 da ƙarfin doki 707, wadda ke cin fulogi 16, biyu a kowace silinda. Waɗannan an riga an lissafa musu fuloginsu. Sai waɗanda aka ɗora wa daga baya a garejin Sana'iyya, wato unguwar masu gyaran mota, kamar Land Cruiser, Patrol, Mustang da Camaro. Nan ne aikin yake, kuma nan ne kanikawa, har da Hausawan da ke wannan sana'a a Jidda da Makka, suka fi yin gardama.

Matakin zafi

Ana cewa fulogi "mai zafi" ko "mai sanyi", amma ba ƙarfin tartsatsi ake nufi ba. Ana nufin saurin da yake kwashe zafi daga bakinsa ya miƙa wa kan inji, inda ruwa ke zagayawa. Mai zafi yana da dogon hancin tangaran, zafin yana daɗewa kafin ya fita. Mai sanyi hancinsa gajere ne. Ana son bakin ya riƙa zama tsakanin digiri 500 zuwa 800 a ma'aunin Selsiyos. Idan ya gaza haka, baƙin hayaƙi ya taru a kansa, wuta ta riƙa bin dattin tana zurarewa, mota ta fara misin. Idan ya zarce, bakin ya yi ja kamar garwashi ya kunna fetur tun kafin tartsatsi ya zo, fistan yana hawa wuta tana danno shi. Wannan na iya huda fistan cikin daƙiƙu kaɗan. Laifin na farko kuɗin sabon fulogi ne, na biyu kuɗin inji, shi ya sa idan ana shakka ake karkata ga mai sanyi.

Ƙa'idar da masu gyara ke bi ita ce a koma fulogin da ya fi sanyi da mataki ɗaya a kan kowane ƙarin doki 75 zuwa 100. Mataki ɗaya yana rage zafin baki da kimanin digiri 70 zuwa 100. Sai dai lambobin kamfanonin da ke ƙera fulogi ba su jitu ba. A wurin NGK da Denso, babbar lamba ita ce mai sanyi. A wurin Bosch da Champion, babbar lamba ita ce mai zafi. Wanda ya shiga shago ya ce a ba shi "bawaji lamba bakwai" (bawaji shi ne fulogi da Larabci) bai faɗi kamfani ba, bai faɗi komai ba. A lambar NGK kamar BKR6E-11, harafin R yana nuna akwai abin rage hargitsin lantarki a ciki, 6 matakin zafi ne, 11 kuwa tazarar milimita 1.1. A injinan LS na Chevrolet an saba barin TR55 a koma TR6, idan matsin ya yi yawa a koma BR7EF, wanda bakinsa ba ya leƙowa sosai cikin silinda.

Fulogi mai sanyi ba ya sanyaya inji, ba ya ƙara doki ko ɗaya. Kansa kawai yake karewa daga zama sanadin ɓarna.

Yanayin ƙasa da mai

A watan Yunin 2010 zafin Jidda ya kai digiri 52. Sufacaja kuma da kanta tana ƙara dumama iskar da ta matse, don haka abin da ke shiga silinda a tsakar rani ya fi abin da injin zai shaƙa a Turai zafi nesa ba kusa ba. Iska mai zafi tana jawo ƙwanƙwasa, wato ragowar fetur ya fashe da kansa bayan tartsatsi, ƙwanƙwasa kuma tana ƙara gasa bakin fulogi. Man da aka saba samu a gidajen mai shi ne 91, koren famfo, da 95, jan famfo. Zuba 91 a injin da aka saita kan 95 kuskure ne da babu fulogin da zai gyara shi.

Ɗaya ɓangaren kuma, motar da ke hawan dutsen Hada daga Makka zuwa Ɗa'if an taka totur har ƙasa ita ce gobe za ta yi awa guda a cunkoson titin Madina a Jidda, tana silo da esi a kunne. Fulogin da ya yi sanyi da yawa a nan zai yi baƙi. Saboda haka motar titi ba kasafai take buƙatar wuce mataki ɗaya ko biyu ba. Fiye da haka na masu tsere ne a filin Dirab kusa da Riyad.

Tazarar baki

Tun 1889 Friedrich Paschen ya nuna cewa ƙarfin lantarkin da tartsatsi ke buƙata yana ƙaruwa da matsin iska da kuma faɗin tazara. Kwil, wato abin da ke ba fulogi wutar lantarki, da ke tsallake milimita 1.1 cikin sauƙi a injin kamfani yana iya gazawa idan matsi ya ƙaru. Alamarsa sananniya ce: mota lafiya lau a silo da tafiyar gari, amma da an taka ta sosai sai ta riƙa cijewa. Maganin shi ne a matse tazarar zuwa tsakanin milimita 0.6 da 0.8, gwargwadon matsin. Idan an matse fiye da kima, silo ya lalace. Ana lanƙwasa ƙarfen gefe ne kawai, ba a dogara abin awo a kan tsinken tsakiya, musamman na iridiyam, domin yana karyewa.

Ƙarfen baki

Fulogin da ake kira na jan ƙarfe, jan ƙarfen a ciki yake, bakin na nikel ne. Yana da araha, yana saurin cinyewa. Iridiyam yana narkewa ne a digiri 2,446, filatinam a 1,768, don haka ana iya sirantar da tsinken iridiyam zuwa milimita 0.6 ko 0.4, siririn tsinke kuma ba ya wahalar da kwil. Masu talla sun fi kururuta wannan ɓangare, alhali shi ne mafi ƙarancin haɗari: iridiyam mai matakin da bai dace ba ya fi nikel mai dacewa ɓarna.

Dubawa da ɗaurewa

Bayan an taka mota sosai ana kwance fulogi a duba shi a haske. Tangaran mai ruwan toka ko ƙasa-ƙasa lafiya ne. Fari fat mai ƙuraje ya sha zafi. Ɗige-ɗigen baƙi ko masu ƙyalli irin na azurfa alamar ƙwanƙwasa ce, masu ƙyallin ma ɓurɓushin fistan ne. Tsawon zare dole ya zama daidai da na asali, domin wanda ya yi tsawo fistan na iya dukansa. Ana ɗaurewa inji na sanyi, a fara da hannu. Mai zaren milimita 14 da zoben wasa a gindinsa, a kan inji na alminiyam, yana son ƙarfin ɗauri na Nm 25 zuwa 30 a sifana mai awon ɗauri. Wanda bai ɗauru ba ba ya miƙa zafinsa, sai mai sanyi ya koma mai zafi. Jabun NGK da Denso suna yawo a kasuwa da intanet, kwalinsu kusan ɗaya da na gaske, kuma lambar da aka buga a jikinsu ba ta tabbatar da matakin zafin da ke ciki.