Maimaita karanta littafi ba shi ne bita ba

Iyaye da yawa suna ganin idan ɗan sakandare ya raba dare yana maimaita karanta littafinsa, to ya yi bita. Ba haka ba ne. Ido ne ke sabawa da shafi, yaro ya ɗauka ya iya, ranar jarrabawa abin ya kwance masa. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus, wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, ya nuna mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo.

Abin da ya kamata yaron ya yi shi ne ya rufe littafin, ya rubuta abin da ya tuna cikin minti 10, sannan ya buɗe ya gyara kurakuransa. Ya sake washegari, bayan kwana 3, da bayan mako guda. Wahalar tunowar ce ke zaunar da darasin. A bar shi ya yi barcin awa 8 zuwa 10, domin cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya.